Sa Hannun Likita da Hurumin Ungozoma: Fafutukar Gyara Doka a Majalisun Jihohin Amurka

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta ba likita ko ma'aikaciyar jinya ko ungozoma lasisin aiki, domin tsarin mulkin ƙasar ya bar wa jihohi duk ikon da bai danƙa wa tarayya ba, kuma tun a 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a wata shari'a da ta taso daga jihar West Virginia, cewa kowace jiha tana da hurumin gindaya sharuɗɗa ga mai son yin aikin likita a cikinta. Wannan ya bambanta da abin da aka sani a Najeriya, inda hukuma guda ta tarayya take yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista, lasisinta kuma yake aiki daga Sakkwato har Kalaba. A Amurka kuwa jihohi 50 ne, kowace da dokarta, ta yadda ungozomar da ta yi karatu iri ɗaya da takwararta, ta ci jarrabawa iri ɗaya, za ta iya buɗe cibiyarta ta karɓi haihuwa da ikon kanta a jihar Washington ko New Mexico, amma idan ta ƙetara zuwa Georgia sai ta nemo likitan da zai sa mata hannu a takarda kafin ta taɓa mai ciki. Saboda haka ne mafi yawan gwagwarmayar wannan sana'a take gudana a majalisun dokokin jihohi, a ɗakunan kwamitoci da ofisoshin 'yan majalisa waɗanda jaridun ƙasa ba su cika leƙawa ba.

Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne ungozomomi masu shaidar jinya, waɗanda ake taƙaita sunansu da haruffan CNM. Irin wannan ungozoma takan fara zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, sannan ta yi digiri na biyu ko na uku a fannin ungozomanci, ta ci jarrabawar ƙasa da wata hukuma mai zaman kanta take shiryawa. Aikinta ya haɗa da awon ciki, da kula da naƙuda, da karɓar haihuwa, da duba mai jego da jaririnta a makonnin farko, da tsarin iyali, da sauran lamuran lafiyar mata, tana kuma rubuta magani. Ba ta yin tiyatar ciro jariri, kuma an horar da ita ta gane lokacin da ciki ya fita daga huruminta, kamar idan jini ya hau sosai ko mahaifa ta tare hanya, ta miƙa mai cikin ga likitan mata. Su ne suke karɓar kimanin ɗaya cikin kowace haihuwa goma a ƙasar, kuma mafi rinjayen waɗannan haihuwoyi a asibiti ake yin su, abin da ya kamata a riƙe, domin 'yan majalisa da yawa suna jin kalmar ungozoma sai hankalinsu ya tafi ga haihuwar gida kaɗai. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ACNM, an kafa ta a 1955, tana kuma da reshe a kowace jiha, waɗannan rassa ne suke ɗauke da nauyin aikin majalisa.

Abin da ake jayayya a kansa shi ake kira hurumin aiki, wato iyakar abin da doka ta yarda mai wata sana'a ya yi, da sharuɗɗan da zai cika kafin ya yi shi. Dokokin jihohi sun kasu kusan gida uku a kan wannan. Akwai waɗanda suka ce ungozoma ba za ta yi aiki ba sai a ƙarƙashin sa idon likita; akwai waɗanda suka sassauta lafazin suka ce sai ta mallaki rubutacciyar yarjejeniyar haɗin gwiwa da wani likita; akwai kuma waɗanda suka ba ta cikakken ikon gudanar da aikinta a ƙarƙashin lasisinta, tana tuntuɓar likita tana tura masa mara lafiya idan buƙata ta taso, kamar yadda likitan gama-gari yake tura mara lafiya ga ƙwararre ba tare da wata yarjejeniya ta ɗaure su ba. Fiye da rabin jihohin sun shiga kashi na uku a yanzu. Kashi na farko da na biyu sun bambanta a suna, amma a aikace abu guda ne yake tafiyar da su, shi ne sa hannun likita. Galibi dokar ba ta buƙaci likitan ya kasance a ɗakin haihuwa ba, ba ta ma buƙaci ya taɓa ganin mai cikin ba. Abin da ta buƙata shi ne takarda mai ɗauke da sunansa a ajiye a fayil. Likitan yana da 'yancin ya ƙi sa hannu, ko don kamfanin inshorarsa ya gargaɗe shi, ko don asibitin da ya ɗauke shi aiki ya hana, ko don yana ganin ungozomar za ta janye masa masu zuwa awo. Yana iya neman a riƙa biyansa kuɗi a kai a kai. Idan kuma ya yi ritaya ko ya ƙaura ko ya rasu, to ungozomar ta wayi gari ba ta da izinin aiki, matan da take dubawa kuma, wasunsu a watan haihuwa, sai su nemi wani wurin. A gundumar da babu likitan mata ko ɗaya, sharaɗin yana nufin ba za a sami ungozoma ba ke nan, a daidai wurin da aka fi buƙatarta.

Ba za a fahimci yadda wannan sharaɗi ya samu gindin zama ba sai an koma farkon ƙarni na 20. A wajajen 1900 ungozomomi ne suke karɓar kusan rabin haihuwar da ake yi a Amurka, yawancinsu mata baƙaƙen fata a jihohin kudu da matan baƙin haure daga Turai a biranen arewa. A daidai lokacin ne likitoci suke kafa sana'arsu a kan doka, kuma dokokin da suka samu daga majalisu sun fassara aikin likita da faɗi ƙwarai, har ya ƙunshi gano kowace irin cuta da magance kowane irin hali na jikin ɗan Adam. Masaniyar shari'a Barbara Safriet ta nuna a rubuce-rubucenta cewa wannan ne ya sa duk wata sana'ar lafiya da ta zo daga baya ta zama dole ta je majalisa ta roƙi a yanka mata wani yanki daga cikin filin da aka riga aka mallaka wa likitoci gaba ɗaya. A 1907 kotun ƙolin jihar Massachusetts ta yanke hukunci a shari'ar Hanna Porn, wata ungozoma 'yar asalin Finland, cewa karɓar haihuwa aikin likita ne, wanda hakan ya haramta ungozomanci a jihar har zuwa 1977. A kudu kuwa ba a haramta ba nan take, sai aka riƙa yi wa tsofaffin ungozomomi rajista ana sa musu ido, sannan a hankali aka daina sabunta musu izini. Alabama ta rufe ƙofar a 1976. Ungozomanci mai haɗe da jinya ya taso ne a cikin wannan yanayi. Mary Breckinridge, wadda ta yi horonta a Ingila, ta kafa hidimar jinya ta Frontier a tsaunukan gabashin Kentucky a 1925, inda ma'aikatanta suke zuwa gidajen masu naƙuda a kan dawakai, aka kuma buɗe makarantar farko a birnin New York a 1932. Sabuwar sana'ar ta samu karɓuwa ne da sharaɗin cewa za ta zauna a ƙarƙashin likita, ta kuma yi aiki a inda likitoci ba sa son zuwa, wato cikin talakawa da ƙauyuka. Wannan sharaɗi na farko shi ne aka rubuta a dokokin jihohi a shekarun 1970 da 1980, shi ne kuma ake ta fama a kankare har yau.

Tafiyar ta kasance a hankali ƙwarai. Ikon rubuta magani kaɗai ya ɗauki shekaru da dama kafin ya game ƙasar, Pennsylvania ce ta zo ƙarshe a 2007. Sai dai tsakanin 2008 da 2014 an samu wasu takardu na ƙasa waɗanda suka zama makamai a hannun rassan jihohi. A 2008 hukumomin jinya da ƙungiyoyin sana'ar suka amince da wani tsari na bai ɗaya wanda ya sanya ungozomomi masu shaidar jinya cikin rukunoni huɗu na ma'aikatan jinya masu zurfin ilimi, ya kuma nemi a ba su lasisi mai cin gashin kansa. A 2010 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar da rahoto kan makomar aikin jinya, ta ba da shawarar a bar ma'aikatan jinya su yi aiki gwargwadon iliminsu da horonsu. A 2011 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasa, ACOG, ta fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ACNM, inda ta amince cewa ɓangarorin biyu ƙwararru ne masu lasisin kansu waɗanda suke aiki tare gwargwadon buƙatar mara lafiya. A 2014 kuma Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, wadda aikinta shi ne hana danniya a kasuwa, ta gargaɗi majalisu cewa sharaɗin sa ido yana ba wata sana'a damar tare wa abokiyar gogayyarta hanya, yana kuma iya tsadar da magani ba tare da wata hujjar tsaron lafiya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ta canza dokar wata jiha da kanta, amma sun ba ungozomar da ta zauna gaban ɗan majalisa abin da za ta aje masa a tebur wanda bai fito daga ƙungiyarta ba.

Aikin da kansa yana da tsari da ya kamata a duba shi kusa. Reshen jiha galibi ƙarami ne, membobinsa daga 'yan gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, shugabanninsa kuma 'yan sa kai ne da suke yin taro da dare bayan sun tashi daga aiki, wasu ma suna jiran kira daga ɗakin haihuwa. Daga kuɗin membobi ake ɗaukar ƙwararren mai kamun ƙafa, wato mutumin da ya yi rajista da hukuma don ya riƙa bin 'yan majalisa a madadin wata ƙungiya, wanda ya san wane shugaban kwamiti ne yake da ɗan'uwa likita, wace 'yar majalisa ce aka rufe ɗakin haihuwa a mazaɓarta, da kuma ranar da ƙuduri zai mutu idan bai fita daga kwamiti ba. Lokaci ƙanƙane ne: majalisun jihohi da yawa watanni kaɗan suke zama a shekara, ta Texas ma sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140, don haka ƙudurin da ya rasa gurbi ya tafi ke nan sai bayan shekara biyu. Kafin a buɗe zama ake neman ɗan majalisar da zai ɗauki nauyin ƙudurin, an fi son a samu daga jam'iyyun biyu, a kuma zauna da lauyoyin majalisa a kan lafazin, domin kalma guda a cikin doka tana iya mayar da sharaɗin da aka cire ta bayan gida. A wasu jihohi, kamar Nebraska, sai wani kwamitin ƙwararru ya fara tantance duk buƙatar faɗaɗa hurumin wata sana'a kafin majalisa ta saurare ta. Sannan akwai ranar ziyarar majalisa da reshe yake shiryawa sau ɗaya a shekara, inda ungozomomi da ɗalibai da iyaye mata riƙe da jarirai suke rarrabuwa ofis-ofis, kowace ta nufi wakilin mazaɓarta da takarda shafi guda, sau da yawa kuma ba wakilin za ta gani ba, wani matashin hadiminsa ne zai ba ta minti goma. Ƙwararrun wannan aiki sun san cewa hadimin nan ne zai rubuta wa maigidansa taƙaitaccen bayani ranar ƙuri'a, saboda haka ba sa raina shi.

Zaman jin bahasi na kwamiti shi ne inda ake ganin komai a fili. A majalisar Kalifoniya, alal misali, al'ada ita ce a ba kowane ɓangare manyan shaidu biyu, kowane da kimanin minti biyu, sannan sauran jama'a su yi layi zuwa makirufo, kowa ya faɗi sunansa da ƙungiyarsa da matsayinsa, goyon baya ko adawa, ya wuce. Ungozomar da ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa dole ta matse abin da ta sani cikin wannan ɗan lokaci, a gaban mutanen da wasunsu suke duba waya, wasu kuma suke shiga da fita saboda wani kwamitin yana zama a ɗaki na gaba. Tsawon layin yana da tasiri, haka ma su wane ne a cikinsa. Idan ungozomomi ne zalla, 'yan majalisa sukan ɗauki lamarin a matsayin rigimar sana'a biyu a kan kasuwa, kuma ba abin da ɗan majalisa ya ƙi jini kamar a sa shi ya raba faɗa tsakanin likitoci da ma'aikatan jinya, tun da duka yana da su a mazaɓarsa. Abin da yakan yi shi ne ya ce su je su daidaita a tsakaninsu su dawo, wanda a aikace yake nufin ɓangaren da ba ya son canji ya yi nasara. Idan kuwa layin ya ƙunshi shugaban wani asibitin karkara, da ƙungiyar mata baƙaƙen fata, da likitan mata da ya yi aiki da ungozomomi, da uwar da ta yi tafiyar awa biyu a mota tana naƙuda, to magana ta tashi daga martabar sana'a ta koma kan inda mata za su haihu.

Wannan sauyi na hujja shi ne, idan aka duba tarihin waɗannan dokoki, ya fi kowane abu buɗe ƙofofi, kuma alƙaluman ƙasar sun taimaka masa ta hanya mai ban takaici. A 2021 mata 32.9 ne cikin kowace haihuwa 100,000 suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa a Amurka, adadin ya sauka zuwa 22.3 a 2022, amma har a lokacin na mata baƙaƙen fata ya kai 49.5, na farare kuma 19.0. Ƙungiyar March of Dimes ta ƙirga cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gundumomin ƙasar, wato sama da 1,000, ba su da asibitin haihuwa ko cibiyar haihuwa ko ma'aikacin da yake karɓar haihuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jariran ƙasar ta tiyata ake ciro su. Shirin Medicaid kuma, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi wadda jihohi suke biyan wani kaso nata, shi ne yake ɗaukar nauyin kimanin haihuwa huɗu cikin goma, don haka duk tiyatar da aka kauce mata kuɗi ne ya tsaya a baitulmalin jiha. Da waɗannan hujjoji ungozomomi suke iya magana da 'yan jam'iyyun biyu: mai ra'ayin 'yan mazan jiya yana jin batun rage katsalandan ɗin hukuma da ceto asibitocin karkara, mai sassaucin ra'ayi kuma yana jin batun wariyar launin fata a mace-macen masu haihuwa.

Jihohi uku sun nuna hanyoyi uku da canjin ya bi. A New York dokar 1992 ta kafa wa ungozomomi hukumarsu, amma ta ɗaure su da rubutacciyar yarjejeniya. A watan Afrilun 2010 asibitin St. Vincent's na Manhattan ya rufe saboda bashi, kuma da yake ta hannunsa ne da yawa daga ungozomomin da suke karɓar haihuwa a gida a birnin suke samun sa hannu, sai suka rasa izinin aiki a dare ɗaya alhali babu abin da ya canza a iliminsu ko ƙwarewarsu. Iyaye mata suka cika wayoyin 'yan majalisa da kira, ƙudurin da ɗan majalisa Richard Gottfried da Sanata Thomas Duane suka ɗauki nauyi ya wuce cikin 'yan watanni duk da adawar reshen likitocin mata na jihar, Gwamna David Paterson kuma ya sa hannu a watan Yuli. Sai dai ya kamata a lura cewa ƙudurin yana nan a rubuce, da masu ɗaukar nauyinsa, tun kafin asibitin ya rufe. Rikicin ya tarar da shiri a ƙasa ne.

Kalifoniya ta bi doguwar hanya. Wani abin mamaki a jihar shi ne cewa ungozomomi marasa shaidar jinya sun rabu da sharaɗin sa ido tun a 2013, masu shaidar jinya kuwa, da suka fi su yawan shekarun karatu, suka ci gaba da zama a ƙarƙashinsa. Ƙudurin da 'yar majalisa Autumn Burke ta gabatar a 2015 ya mutu a shekara ta gaba bayan ya faɗa cikin wata tsohuwar taƙaddama tsakanin ƙungiyar likitoci da ta asibitoci kan wanda yake da ikon ɗaukar ma'aikacin lafiya aiki kai tsaye. Da aka dawo a 2020 da ƙudurin Sanata Bill Dodd mai lamba 1237, ƙungiyar ungozomomin jihar ta shigo tare da wata ƙungiyar kare lafiyar mata baƙaƙen fata a matsayin abokiyar ɗaukar nauyi, aka kuma gina hujjar a kan adalci a kula da masu ciki. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a watan Satumba. Nasarar ta zo da farashi, domin dokar ta ba ungozoma ikon kanta ne a kan ciki mara hatsari kamar yadda ta fassara shi, abin da ya wuce haka sai da ƙa'idojin da aka amince da su tare da likita.

Labarin Carolina ta Arewa ya fi sauran nauyi a zuciya. Dokarta ta 1983 ta wajabta sa idon likita, kuma a wani bincike da Saraswathi Vedam da abokan aikinta suka wallafa a 2018, wanda ya auna yadda kowace jiha ta shigar da ungozomomi cikin tsarin lafiyarta, jihar ce ta zo ƙarshe da maki 17 cikin 100, Washington kuma ta zo farko da 61. Shekara da shekaru ana gabatar da ƙudurin cire sharaɗin yana mutuwa a kwamiti. A 2023 sai masu rinjaye a majalisa suka cusa shi cikin babbar dokar da ta taƙaita zubar da ciki bayan mako 12. Gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi a watan Mayu, ungozomar da ta cika wata 24 da awa 4,000 na aiki ta samu 'yancinta. Abin da aka yi shekara 40 ana nema ya zo ne a cikin dokar da ƙungiyar sana'ar ta ƙasa take adawa da ginshiƙinta, kuma ba ungozomomin ne suka zaɓi hakan ba. Wannan yana nuna iyakar ikon ƙaramar ƙungiya a majalisa: tana iya sa buƙatarta ta zama sananniya har ta zama abin ciniki, amma ba ta da iko a kan wanda zai ɗauke ta ya yi cinikin da ita.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar likitocin Amurka, wadda ta kafa wani ƙawance na musamman a 2006 don tallafa wa rassanta a irin waɗannan fafatawa, tana kafa hujja da cewa likitan mata yana yin shekara huɗu a makarantar likitanci da wasu huɗu na ƙwarewa, cewa haihuwar da ta fara lafiya tana iya rikiɗewa cikin mintoci, kuma kamata ya yi likita ya jagoranci tawagar masu kula da mara lafiya. Maganar saurin rikicewar haihuwa gaskiya ce, kuma duk ungozoma ta san ta. Inda hujjar take da rauni shi ne takardar da ke fayil ba ta kawo likita bakin gado idan jini ya ɓalle. Abin da yake ceton mace a wannan lokaci shi ne motar asibiti, da ɗakin tiyata a shirye, da kyakkyawar alaƙa tsakanin ma'aikata, kuma doka tana iya wajabta shirin tura mara lafiya ba tare da ta ba wani mutum guda ikon rufe wa wata sana'arta ba. Binciken Vedam ya gano cewa jihohin da suka fi shigar da ungozomomi sun fi ƙarancin tiyata da haihuwar bakwaini da mutuwar jarirai sabbin haihuwa, ko da yake irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, jihohin kuma sun bambanta a arziki da yawan masu inshora. Wani binciken na masana tattalin arziki, Sara Markowitz da abokanta, a 2017, ya tarar cewa sharuɗɗan ba su inganta lafiyar uwa ko jariri ba, kuma inda babu su an fi samun ƙarancin tiyata da tayar da naƙuda da magani. Hujjar da ake da ita ba ta goyi bayan sharaɗin ba.

Mafi yawan nasarorin baya-bayan nan sulhu ne. Abin da aka fi yawan daidaitawa a kai shi ne wa'adin koyon aiki, wato sabuwar ungozoma ta yi wasu awoyi a ƙarƙashin yarjejeniya kafin ta tsaya da ƙafarta: awa 1,000 a Virginia bisa dokar 2021, awa 4,000 a Illinois da Carolina ta Arewa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi ta isa ta nuna cewa a teburin ciniki aka samo su, babu wani bincike da ya fitar da su. A cikin rassan kansu akan yi muhawara mai zafi a kan ko a karɓi rabin abin da ake nema yanzu ko a jira cikakke, domin majalisar da ta taɓa wata doka ba ta cika son komawa kanta nan kusa ba, kuma 'yan majalisa sukan ce ai an riga an biya wannan buƙata. Akwai kuma tambayar da wa za a haɗa kai. Shiga ƙuduri ɗaya da sauran ma'aikatan jinya masu zurfin ilimi yana kawo yawa da kuɗi, tun da sun ninka ungozomomi sau da yawa, amma yana jawo adawar da ba ta shafi haihuwa ba, musamman daga likitocin sa barci, kuma idan aka zo yanke wani abu don ƙuduri ya wuce, ƙaramin rukuni ne yake cikin haɗarin a yar da shi.

Raunin da ya fi zurfi yana cikin gidan ungozomomin ne. Ban da masu shaidar jinya, akwai masu shaidar CM, waɗanda suke karatu da jarrabawa iri ɗaya ba tare da sun bi ta jinya ba, 'yan jihohi kaɗan ne kuma suka amince da su. Akwai masu shaidar CPM, waɗanda suka ƙware a haihuwar gida da cibiyoyin haihuwa, jihohi fiye da 30 suke ba su lasisi, Illinois ta shiga sahu a 2021, Massachusetts a 2024. An sha samun lokutan da reshen masu shaidar jinya ya yi shiru, ko ya nesanta kansa, yayin da ake neman lasisi ga masu CPM, don tsoron kada a haɗa su a kwando ɗaya a gaban kwamiti. Ana iya fahimtar tsoron, amma ɗan majalisar da ya ga ungozomomi suna musu a gabansa ya samu dalilin ɗage ƙuri'a, kuma sana'ar da ta samu gurbinta a lokacin da ake korar ungozomomi baƙaƙen fata na kudu tana da bashin tarihi da bai kamata ta ƙara masa ba. Yunƙurin da ƙungiyoyin suka yi daga 2013 na daidaita ƙa'idojin karatu bisa mizanin Ƙungiyar Ungozomomi ta Duniya ya rage ɓarakar, ya kuma ba su harshe ɗaya a majalisu da dama.

Sa hannun gwamna ba ya kawo ƙarshen aikin. Hukumar jinya ko ta likitoci ce take rubuta ƙa'idojin aiwatarwa, a nan kuma ana iya dawo da abin da majalisa ta cire ta hanyar fom da sharuɗɗan rahoto, don haka dole reshe ya ci gaba da halartar zaman hukumar yana rubuta martani a lokacin da aka buɗe wa jama'a. Asibitoci suna da dokokinsu na cikin gida waɗanda kwamitin likitoci yake tsarawa, kuma asibiti yana iya hana ungozoma izinin kwantar da mai naƙuda da sunanta ko da jiha ta ba ta cikakken iko. Batun biya ma yana nan: shirin Medicare na tarayya ya riƙa biyan ungozoma kashi 65 cikin 100 na abin da yake biyan likita a kan aiki iri ɗaya har zuwa Janairun 2011 da aka daidaita su, amma Medicaid, wanda shi ne ya fi shafar haihuwa, kowace jiha ce take yanke nata farashi, wasu kuma har yanzu suna biyan ungozoma ƙasa da likita. Mai son buɗe cibiyar haihuwa a wasu jihohi sai ta samu takardar shaidar cewa ana buƙatar cibiyar, a tsarin da yake ba asibitin da ke kusa damar ƙalubalantar buƙatar, a Alabama kuwa sai da masu cibiyoyin haihuwa suka kai ma'aikatar lafiyar jihar kotu a 2023 kan ƙa'idojin da suka ce sun sa buɗe cibiya ya gagara. Kowane ɗaya daga waɗannan yana buƙatar nasa ƙudurin ko nasa zaman hukuma, kuma mutanen da za su bi shi su ne dai 'yan sa kai ɗin nan na reshe, waɗanda a jihohi da yawa suka koma yanzu kan neman kuɗin horar da ɗalibai da biyan ungozomomin da suke koyar da su a ɗakin haihuwa, tun da makarantu suna mayar da masu neman gurbi saboda ƙarancin wuraren koyon aiki.